Ƙonannen Kek na Inna

Ranar jajibirin Sallah ce, a gidanmu na Gatawa, Inna ta gwada kek ɗin da ƙawarta ta koyo a Maraɗi. Mu ina muka ga obin? Rairayi ta zuba cikin tukunya, ta jera gwangwanayen madara cike da kwaɓin fulawa da ƙwan zabi, ta aza garwashi bisa murfi. Ƙamshin nan, wallahi har yau yana hancina.

Da ta buɗe, na tsakiya ya ƙone ƙurmus. Ta raba mana masu kyau, saura ɗaya. Na ga hannunta ya nufe shi, sai na ɓare baki, ga nawa a hannu ko gutsura ban yi ba.

"Amshi, uwar kwaɗayi," ta ce tana dariya. "Ni ƙonanne nika so."

Na kuwa yarda. Har na girma, in na gasa, duk wanda ya yi baƙi ita nake ware wa, har da alfaharina.

Bara, haƙora sun ƙare, ta ture farantin. "Ɗiyata, wa ka son ƙonanne? Ba ni mai laushin nan."

Na miƙa mata, na kasa haɗa ido da ita.