Shanun Hammawa da Kasafin Bana

A duk ƙasar Rogo babu wanda ya san cikin kasafin kuɗin gwamnatin tarayya kamar Ɗanmaliki na Jajaye. Shi ya faɗa, kuma ya yi ta faɗa har maganar ta zauna. Ya ce shekarun da ya yi a Legas, a ma'aikatar kuɗi ya yi su, kuma ba a taɓa kammala kasafi ba sai wani babba ya leƙo ya ce, "Ɗanmaliki, yaya ka gani?" Abin da ya dawo da shi gida, in ji shi, ruwan Legas ne bai karɓe shi ba.

Shi ya sa duk farkon shekara, idan shugaban ƙasa zai karanta kasafi da Turanci, a gindin tsamiyar ƙofar gidansa ake taruwa, rediyo na magana yana fassarawa. Bara ya ce taki zai sauko. Taki ya hau. Ya ce lalle bayan an gama karantawa aka canza.

Bana sai aka ji shiru. Sabuwar shekara ta shigo, ba a karanta ba. Ɗanmaliki ya rage murya ya gaya wa mutane a masallaci cewa an turo masa saƙo: ranar Laraba ce, da hantsi. Ya ƙara da cewa duk mai saniya ya zo da kunnensa.

Wannan ta hana Hammawa cin tuwo. Hammawa Bafulatani ne da ciwon bushiya ya share wa garke, ya bar masa bijimai biyu, fari da ja. Da su yake huɗar gonarsa, da su yake yi wa maƙwabta huɗa a biya shi da dawa. In babu su, babu tukunya a gidansa.

Ranar Laraba, tun kafin a shimfiɗa tabarmi, wata motar shanu ta tsaya a bakin hanya. Wani baƙo ya sauko, ya ce sunansa Alhaji Lukumanu, falke ne, kudu zai wuce, ruwan alwala yake nema. Ɗanmaliki ya tambaye shi sunansa har sau biyu, sa'an nan ya ce ya zauna ya ji abin da gwamnati za ta yi da shi.

Aka fito da akwatin rediyo, babba, sanye da rigar saƙa mai tuntu wadda ta rufe shi har ƙasa. Ɗanmaliki ya cusa hannu ƙarƙashin rigar. Taken soja ya tashi, sai murya mai nauyi ta biyo baya.

"Yana gaishe ku," in ji Ɗanmaliki. "Ya ce a ƙara haƙuri. Asibiti, an ɗage. Hanyar Ƙaraye, ana dubawa."

Babu wanda ya motsa. Wannan kowa ya saba jinta.

Can sai ya ɗaga yatsa, ya runtse ido. "An zo wurin. Ya ce za a dawo da jangali, kowane kan saniya sai an biya masa. Ya ce za a buɗe iyaka, shanun Chadi su shigo. Ya ce an ware wa kowace gunduma tarakta, huɗar shanu ta zama tarihi."

Hammawa ya waiga ya dubi bijimansa da ke ɗaure a jikin darbejiya. Farin yana tuƙa abinsa.

Baƙon ya girgiza kai, ya ce ashe shi ma hasara ta same shi, ga mota rabi cike. Amma tun da ya sha ruwan garin, zai rage wa bawan Allahn nan mai bijimai zafi. Ya taya bijiman, tayin da ko maraƙi ba a yi wa a kasuwar Rogo. Hammawa ya ce albarka. Baƙon ya miƙe, ya kaɗe riga.

"Baffa Hammawa," in ji Ɗanmaliki, "gobe war haka labari ya kai kasuwa. Ko wannan ba za ka samu ba."

Direba ya tayar da mota. Hammawa ya je ya kwance igiya. Kalma ɗaya ta rage: da zarar ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa, ko mai gari ba ya tayar da shi. Baƙon ya miƙo hannu.

A daidai nan muryar shugaban ta fara nauyi. Ta ja, ta ƙara ja, ta koma kamar kukan sa a cikin rijiya.

Adda Yelwa, yayar Hammawa, da ke tsaye a gefe da ƙwaryar nono, ta sauke ta a hankali.

"Hammawa, riƙe igiyarka tukuna," in ji ta. "Malam Ɗanmaliki, rediyo in batir ya yi sanyi, murya ƙanƙancewa take yi. Wannan jan, a rumfar masu kaset nake jin sa."

Ta yaye rigar saƙar. Ga ƙafafun kaset biyu suna juyawa da ƙyar, zare ya fara naɗewa.

Ɗanmaliki ya yi gyaran murya. Ya ce ai a Legas haka ake yi wa manya, a aiko musu tun kafin talakawa su ji. Yelwa ta danna maɓalli, gidan kaset ya buɗe, ta kama zaren ta fara ja kamar mai tsefe kitso.

Sai baƙon nan, wanda bai san kowa ba a Jajaye, ya yi wuf ya riƙe akwatin.

"Baiwar Allah, a hankali, za ki lalata mini rikoda. Kai kuma Ɗanmaliki, tun jiya sai da na ce ka canza mata batir."