Yadda Shugaban Teloli Ya Shiga Layin Mamata

Yaya, tun da na dawo gida nake ganin kana miƙa takarda har ƙarshen hannunka kafin ka karanta, in an yi magana ka ce ai hasken ɗakin ne. To, bari in ba ka wani misali daga garin da na zauna.

Akwai wani tela, sakataren ƙungiyar teloli, da idonsa ya fara rauni. Bai gaya wa ko matarsa ba, don telan da aka ce ba ya ganin kafar allura, wa zai kawo masa ɗinkin sallah? Sai ƙungiya ta ɗora masa haɗa kalandar shekara a wani shafin intanet, irin wanda ake jan hoto da linzamin kwamfuta a saka shi cikin akwati. Akwatin sama na shugaba ne, da tambarin almakashi a ciki kafin a sa hoto. Layin da ke ƙasansa na iyayen ƙungiya ne da suka riga mu gidan gaskiya, da gurbi ɗaya da babu kowa. Tela ya rufe ƙofar shago, ya ƙara girman shafin ninki biyu, har hancin kowane mamba ya kai goro. Ashe shafin nan in an kumbura shi awonsa rikicewa yake: ka saki hoto a nan, ya yi tsalle ya sauka a layin sama. Ya zagi linzami, ya hure shi, ya goge masa ciki da ƙyallen shadda, ya sayi sabo. Duk kanwar ja ce. Daga baya ya gano dabara: in yana son hoto a wani layi, sai ya sake shi a layin ƙasa, hoton ya hau da kansa. Kwana huɗu yana haka har hannunsa ya haddace.

Ranar da za a tura wa maɗaba'a, shugaba ya zo da kansa don a sa hotonsa a gabansa, wanda ya ɗauka da babbar riga mai aska takwas. Da tela ya ji sallamarsa, ya yi wuf ya mayar da shafin ƙaramin girmansa, kada a tambaye shi me ya sa rubutu ya zama kamar na allon talla. Yanzu awo ya dawo daidai, amma hannu bai sani ba, ido kuma ba ya nan balle ya ba da shawara. Ya ja shugaba ya sake shi layi ɗaya ƙasa, yadda ya saba. Hoton ya zauna daram inda aka ajiye shi. Tela ya ce, “Ranka ya daɗe, ya yi?” Shugaba ya matso, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana gyaɗa kai, ya ce, “Nan ne ya dace da ni.” Aka buga ɗari biyar.

Kafin la'asar ta washegari, teloli sun cika ƙofar gidan shugaba da tabarmi, wani har ya taho da buhun gero na sadakar uku. Shugaba ya fito yana sakace, masu ta'aziyya suka watse, wani ya bar takalmi. Da aka zauna bincike, aka ce wa sakatare ya karanta abin da ke rubuce a saman hoton, ya kasa. Aka miƙa wa shugaba, wanda ya duba ya amince, shi ma ya miƙa takardar har ƙarshen hannunsa, yadda kake yi. Ranar kasuwa suka haɗu a rumfar mai tabarau, kowa ya ce wani ya aiko shi.

Ka shirya mu je a duba idon nan, Yaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.