Yatsan da Aka Ɗaure

Tunda ka ce kwaikwayo ba ya cin mutum, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani makaɗin jita a Kaduna, irin makaɗan hayar nan da ba a sa hotonsu a bayan kaset. Mawaƙi zai zo situdiyo da muryarsa da taƙamarsa, a aika a kira shi, ya zauna a lungu ya shimfiɗa wa waƙar tabarma, a sallame shi ya kama gabansa. Yawancin waƙoƙin da ake ji a motocin haya da shagunan aski akwai hannunsa a ciki, kuma masu sana'ar suna ganin girmansa ƙwarai. Baiwarsa kunne ce. In ya ji salon mutum sau ɗaya, zai mayar masa da shi har mai abin ya fara shakkar kansa. Yana da nasa kiɗan fa, wani ɗan sanyayyen sauti da ya tsara tun yana saurayi a zauren gidansu, wanda mahaifiyarsa kan ajiye tankaɗe ta saurara. Amma wa ke kiran ɗan haya ya kaɗa nasa? Sai ya jingine shi, ya ce ai yana nan, ba ƙafa gare shi ba.

Ana nan sai wani tsohon gwanin jita, mai kiɗan Turawan nan da ake kira jaz, ya rasu, ya bar faifai bai ƙarasa ba. Tsohon nan injin niƙa ya cinye masa ƙaramin yatsan hagu tun yana yaro, don haka inda sauran makaɗa ke miƙa yatsa su danne tsirkiya, shi sai dai ya ja hannu ya zame, sautin ya fito kamar kukan mace a bayan katanga. Kuma in kiɗa ya ratsa shi, yakan riƙa wani gunji ƙasa-ƙasa ta hanci. Mai situdiyo ya kira ɗan hayar nan ya ƙarasa aikin. Ya gwada, abu ya ƙi, don ƙaramin yatsansa sai ya yi shisshigi. Sai ya sami zare ya lanƙwashe yatsan ya ɗaure shi a tafin hannu, yana yi yana dariyar wayonsa. Nan take kukan ya fito. Da aka juyo abin da aka ɗauka, da rana tsaka, a ɗakin nan marar taga da aka lulluɓe bangonsa da soso, kowa ya kasa kunne. Akwai gunji a ƙarƙashin jitar. Aka dube shi, ya rantse shi ko tari bai yi ba. Aka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, aka bar maganar.

Faifai ya karɓu, daga nan kowane mawaƙi hannun marigayi yake nema. Mutuminka ya riƙa ɗaura zare da safe ya kwance da yamma, daga baya ya ga kwancewar ma wahala ce. Wata rana ya tashi bai ga zaren ba, ya duba hannunsa, ashe an daɗe da wuce nan, yatsan ya kwanta da kansa, sanyi ƙalau. Matarsa ta ce yana gunji in yana cin tuwo. Wani dattijon mai busa ƙaho ya hango shi daga baya ya kira shi da sunan mamacin, da ya waiwayo sai dattijon ya yi a'uziyya ya sauya hanya. Ya tsorata, ba ƙarya. Amma yabo zuma ne, kuma bai taɓa shan irin wannan ba.

Sai saƙo ya zo daga gida: tsohuwarsa ta kwanta ciwo, idanunta sun tafi, ba abin da take roƙo sai ta ƙara jin kiɗan nan na zaure. Ya saɓi jita ya tafi. Da hantsi ya isa, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta bai yi magana ba, so yake ta gane shi da hannunsa kamar yadda ta saba. Kiɗan yana nan a kansa tsaf, amma daɗinsa duka a kan ƙaramin yatsa yake. Ya sa hannun dama ya ɓamɓare yatsan, yatsan ya koma ya kwanta. Ya sake, ya koma. Hannun ya zame da kansa, kukan nan ya cika tsakar gida, gunji ya taso masa daga ƙirji yana ji ba ya iya tare shi. Kajin da ke tsakar gida suka watse.

Tsohuwa ta saurara har ya kai aya. Sannan ta laluba mayafinta ta rufe kai, yadda mace ke yi in baƙon namiji ya shigo, ta ce wa ƙanwarsa, "Ki ba bawan Allahn nan ruwa, ki ce na gode. Ɗana fa, har yanzu bai iso ba?"

Ya ce, "Inna, ai ni ne." Ta juya fuskarta bango. Tana jiran ɗanta har Allah ya karɓi abinsa, shi kuwa yana zaune a bakin ƙofa da jita a cinya.

To, ka ji. Hausawa ba su faɗa a banza ba: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.