Miyar Mama Suzana

Waken ya ƙi nuna. Tun hantsi yake kan wuta, ɓararren waken Turawa da ya sayo a kantin Ba'indiye, amma har yanzu ƙwas-ƙwas yake yi a ƙarƙashin ludayi. Ya jefa gutsuren kanwa, ya naɗe hannun kwat ɗin da ya yi masa tsawo, ya ƙara iza wuta.

Kwana uku ke nan Mama Suzana ba ta sa komai a bakinta ba. Likita ya ce zuciyarta ta zama tsohon zare: kada ta zauna da yunwa, kada ta ji abin da zai girgiza ta. Yanar ido ta rufe mata gani tun bara, kunne ma ɗaya ya rage mata.

"Alexander!" ta kira daga ɗaki.

Ya yi gyaran murya. Tun ranar da ramin kuza ya rufta a Naraguta ba ya magana sai da raɗa. Ya ce mata ƙura ce ta cinye masa maƙogwaro.

Ƙa'idar girkin ɗaya ce, ya kuma riƙe ta kamar karatun allo: Mama tana azumin gabanin Ista, ta bar nama, ko ƙashi kada ya shiga tukunya. Sai albasa, karas, dankali biyu, man gyaɗa, da daddawa ta cike gurbi. Mako bakwai yana haka. Da fari takan lashe kwano har ta sa albarka. Daga baya ta koma barin rabi. Yanzu ƙamshin kawai take ji, ta juyar da kai bango.

Ya rage barkono. Ya ƙara gishiri. Ya tace ɓawo. Babu wanda zai tambaya me ya ɓata: matan unguwar Gada Biyu sun rage shigowa, wadda ta zo ma daga bakin ƙofa take gaisuwa, ta juya da sauri tana goge ido da gefen zane.

Da rana ta karkata ya zaga bayan gida na ɗan lokaci, ya dawo ƙafafunsa da danshi. Waken ya narke, ya yi kauri, kore shar kamar dutsen Jos bayan ruwan farko.

Ya durƙusa gaban gadonta da kwano. Ta laluba har ta kamo maɓallin kwat ɗin, wanda ita ta ɗinka da hannunta, ta daɗe tana murza shi.

"Mama, ki daure," ya raɗa. "Ko cokali ɗaya."

"Yau ma babu nama?"

"Babu, Mama. Ko ƙashi."

Ta buɗe baki, ta karɓa, ta haɗiye da ƙyar. Ya yi maza ya ɗebo wani cokalin don murna.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana. Zan shanye duka, in ka gaya mini abu ɗaya." Ta saki maɓallin, ta riƙe wuyan hannunsa. "Ista ta wuce yau mako uku. Yarona da ke ƙirga kwanaki saboda naman Ista ba zai manta ba. Hammajoda, ina kuka binne mini abokinka?"