Randar Gidan Tabawa

Tun da aka hana kunna fanka a Gusau, da ruwan randa ake sanyaya kwamfutar kowane gida, wadda ke raba wa mutanen gidan wuta da ruwa.

Ran Juma'a Tabawa ta ɗebo wa ƙaninta Sallau ruwa a moɗa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Yaya, baƙo kika samu ko mai jego? Wannan ai na wanka ne!"

Ya leƙa randar, sai ga famfon da ke tura wa kwamfutar ruwan yana gurnani a ciki.

"Tausayinsa na ji, na tsoma shi ya sha sanyi," in ji Tabawa.

"Ai shi ma da zafinsa yake tafe!"

Ya fiddo famfon, ya girke shi a gindin randa, ya sake jan tiyo. Kafin la'asar ruwa ya yi sanyi ƙarara. Sallau ya kai hannu ga moɗa, sai kwamfutar ta yi gyaran murya daga zaure.

"Sannu da aiki, Kawu. Amma a gidan nan babba ke fara sha."

Tabawa ta yi dariya har da tafi. Sannan ta mayar da moɗar kan murfi, suka zauna jiran kwamfutar ta fara sha.