Nauyin Kande

Tun da aka kafa dokar sikeli, ba abin da ke shigowa ƙasar nan, mutum ko kaya, sai an fitar da wani abu mai nauyinsa. Shekarar da aka shigo da injinan ban ruwa, da matasa aka cike awon. Cikinsu har da Kande, 'yar tsoho Nomau tilo.

Bana riɗi bai yi ba. Rabin buhun da Nomau ya samu ya ɗauka a ka har bakin iyaka, don ya fanso ta.

Mai awo ya dubi allurar sikeli, ya girgiza kai. "Baba, bai kai ba. Ga ta, ga kuma goyo."

"Goyo? Ashe na yi jika!"

Ya ƙara da bargonsa da buta. Allura ko gezau.

"Ɗan nan, ni fa?"

"Kai ai ƙashi ne zalla, Baba. Amma da riɗin za ku kai."

Nomau ya hau. Allura ta daidaita. Katanga ce tsakanin ƙofar fita da ta shiga, ta bayanta ya jiyo kukan jariri.

"In ta shigo," in ji shi, "ka ce mata makulli na ƙarƙashin turmi."