Kukan Mai Masara

Mai gasasshiyar masara ya tsaya a ƙofar otal ɗin Turawa a garin Oaxaca, ya tuno akuyarsa da aka sace bara, ya fashe da kuka. 'Yarsa ce ta karanto masa a littafin Turancinta cewa a Landan da kuka ake talla. Kafin rana ta take, masara ta ƙare.

Da yamma yarinyar ta dawo a guje. "Baba, malama ta ce na yi kuskure! Mu da Sifaniyanci kuka daban, ihu daban, da Turanci kuwa kalma ɗaya ce. Ihu ake nufi!"

"Malamar taki ta taɓa sayar da masara?"

Kafin wata ya mutu duk layin ya koya. Mai lemo tana shessheƙa, mai huluna yana birgima, mai gyaɗa yana yanka albasa a ɓoye.

Ranar da aka aiko masa cewa mahaifiyarsa ta rasu, ya durƙusa gefen murhu yana rusa kuka. Turawa suka yi layi har bakin titi. Mai lemo ta matso, ta zungure shi.

"Haba maƙwabci, sassauta mana! Mu ma fa muna da 'ya'ya."